Shekarar da Na Ce wa Tani Ta Zauna

Bana ruwa ya yi mana irin halin nan nasa da ba na so. Ya sauko sau biyu kamar da gaske, kowa ya zuba iri, sannan ya ɗauke ƙafa. Yau kwana goma sha tara ke nan ina lallaɓawa bayan gida a nan Unguwar Boro in duba 'yar masarar da jikokina suka shuka, in tarar da ganyenta duk ya nannaɗe. Su ko a jikinsu, in masara ta mutu ai akwai shago a bakin titi. Ni kuwa da na ga ganye ya nannaɗe haka sai in kasa barin wurin, ba kuma don masarar ba. Wata shekara nake tunawa, da wata yarinya mai suna Tani.

Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ana ta aikin ginin masaƙa a Kakuri. Wannan tsallaken kogi da kuke gani cike da gidaje, a lokacin ba komai sai tashar jirgin ƙasa, da barikin ma'aikatan reluwe, da 'yan rumfunan kasuwa. Daga nan sai daji da gonakin mutanen Gbagyi har Kudenda da Mahuta. Ina da shekara goma sha tara aka ɗauke ni malamar gwaji a wata ƙaramar makarantar mishan, aka ba ni aji biyu, aka ba ni ɗaki guda mai rufin kwano a bayan makarantar. Ɗakin nan shi ne komai namu. Babana bai daɗe da rasuwa ba, ƙauye ba abin da ya rage mana, don haka na ɗauko Inna da ƙannena mata biyu muka cusu a ciki. In na ci gwaji, ɗaki namu ne. In na faɗi, sai mu naɗe tabarma, kuma Allah ya sani ba mu da inda za mu shimfiɗa ta.

Tun makon farko hedimasta, Malam Yohanna, ya gaya mini yadda abin yake. Ya ce sufeton makarantu zai zo tsakiyar damina, kuma shi abu ɗaya yake nema a wurin 'yan aji biyu. Zai karanta musu labarin da ba su taɓa ji ba, sannan a ta da yaro ya faɗi labarin a taƙaice. Ya ce malamin da na gada a kan wannan aka sallame shi. Ya faɗa yana goge tabarau, kamar wanda yake ba ni labarin farashin gishiri.

Na ce a raina ai wannan ba wani abu ba ne. Ashe ban san yarana ba.

Su talatin da 'yan kai ne, kuma in ka ji su a filin wasa sai ka rantse kasuwa ce. Akwai 'ya'yan Ibo masu gyaran keke da masu rumfa, akwai 'ya'yan Yarbawan reluwe, akwai namu na kudancin Zariya da iyayensu suka zo leburancin gini, da Hausawa biyar ko shida, da 'yan Gbagyi uku masu zuwa daga gona. Hausa ce ta haɗa su, ita ma kowa da irin tasa. Amma da na karanta musu labarin farko na ce a taƙaita, sai na ga ashe akwai wani abin da ya haɗa su fiye da Hausar. Emeka, ɗan mai gyaran keke, ya miƙe ya rungume hannu ya zubo mini labarin tun daga kalmar farko har ta ƙarshe, har da inda na yi tari. Na ce ba haka ba. Habu ya miƙe, shi ma ya zubo. Bulus ya miƙe, ya manta kalma ɗaya a tsakiya, sai ya koma farko.

Na yi faɗa, na yi tsawa, kuma ba zan ɓoye ba, na yi amfani da tsumagiya. A banza. Sai daga baya na gane laifin ba na kansu ba ne. Habu ya fito daga makarantar allo, inda in ka tsallake harafi ɗaya ka yi ɓarna. Emeka da Bulus a coci aka saba musu da haddar aya. Sannan a gidan kowannensu, ko wane yare ne, in an aiki yaro da saƙo to ya kai shi yadda aka ba shi, yaron da ya rage magana kuwa ya san abin da zai tarar in ya dawo. Ga ni kuma na zo ina cewa su zubar da rabin labari. A wurinsu rashin tarbiyya nake koya musu.

Ana cikin haka bazara ta kankama. Zafin shekarar nan har yau ban ga irinsa ba. Kafin ƙarfe goma kwanon aji ya fara ƙara, alli yana narkewa a yatsa, allon yara yana ƙona musu cinya. Da dare ya yi kuma ɗakinmu sai ka ce tanda. Aka samu ruwan farko ya sauko, mutane suka yi shuka, muka shuka masara da gyaɗa a lambun makaranta. Aka ƙara yin ɗaya. Daga nan shiru. Kullum da yamma hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su fito da tukwane su jera a ƙarƙashin kwano, sai ya watse. Inna takan tsaya riƙe da tukunya tana kallon sama har sai na ce mata ta shigo.

Malam Yohanna ya ce ba za a bar lambu ya mutu ba. Kowace safiya kafin a buga ƙararrawa, makarantar gaba ɗaya za ta gangara kogi da garewanin kananzir da ƙore. Kogin ya janye har duwatsun tsakiya sun fito. Manya su ɗiba, a miƙa hannu da hannu, ƙanana su zuba kofi ɗaya a gindin kowace shuka. 'Yan Gbagyi a kafaɗa suke ɗauka, ba a ka ba, kuma su ne ba sa zubar da ko ɗigo. A nan na fara lura da Tani. Ta fi kowa girma a ajin, za ta kai sha ɗaya, siririya, tana zuwa daga wajen Kudenda da ƙafa. Sau da yawa sai ta rako uwarta da itace zuwa kasuwa kafin ta iso. A aji ba ta magana sam. In na ta da ta, sai ta kalli bango har in gaji in ce ta zauna.

Ruwan kofi bai ceci masara ba. Ta bushe a tsaye. A gonaki ma haka, waɗanda suka sake shuka suka sake asara. Hatsi ya ɓace a kasuwa, sai garin rogo da Ibo ke kawowa ta jirgi, shi ma sai mai rabo. A ɗakinmu muka koma ci sau ɗaya, da yamma. Inna ta dafa rama ko ganyen tafasa, ta barbaɗa ɗan ƙuli, ta dama kunun dusa tsararo. Ƙannena sukan lashe kwano su zauna suna kallonsa. A aji kuwa, kafin tsakar rana rabin yara sun kifa kai a benci. Bakinsu ya yi fari, wasu suna warin ɗanyen mangwaro da suka ci a hanya, ciki yana murɗa musu. Ni kuma in tsaya a gabansu da nawa cikin yana kuka, ina cewa a taƙaita mini labarin kura da akuya. Kowace rana ina ƙirga makonnin da suka rage kafin zuwan sufeto.

Inna tana dafa rogo ta kai tasha, ta sayar ta tagogin jirgi. Wata Asabar na raka ta. Jirgin da ke gangarawa gabas ya tsaya, ya sha ruwa, har ya yi usur zai tashi, sai ga Maman Emeka ta keto taro a guje da jariri a baya. Ta hango wani ɗan garinsu a taga. Jirgi ya fara motsi, tana bin tagar da sauri tana ɗaga murya da yarensu, shi kuma yana gyaɗa kai. Kafin ta kai ƙarshen dakali ta gama, ta tsaya tana haki. Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce saƙo ta ba shi zuwa ga uwarta: ta haihu, namiji ne, suna lafiya, kada tsohuwa ta zo sai bayan girbi don babu abinci.

Na san matar nan. In ta zauna ba da labarin haihuwar nan, sai a tuƙa tuwo a kwashe ba ta kai wurin yanke cibiya ba. Amma ga shi ta ɗura wata tara a magana huɗu, kuma ba wanda zai ce ta rage saƙo. Na bar Inna da tirenta na koma gida ina magana ni kaɗai.

Ranar Litinin na raba ajin biyu. Na tura rabinsu gindin mangwaro, na ce can ne garinsu. Na karanta wa sauran labari. Sannan na ce Bulus shi ne jirgi, ya fita ya bi ta bayan taga yana tafiya a hankali. Wanda na zaɓa zai tsaya a taga ya ba shi labarin kafin ya wuce kusurwar gini, shi kuma ya kai wa mutanen gari. In mutanen gari suka iya gaya mini wane ne a labarin, me ya same shi, yaya aka ƙare, to saƙo ya isa.

Emeka ne ya fara. Yana cikin "wata rana a wani gari" jirgi ya wuce. Yara suka fashe da dariya, dariyar da na yi makonni ban ji ba. Emeka ya ce a dawo da jirgi, Bulus ya ce jirgi ba ya dawowa. Aka yi ta yi. Wanda Hausa ta gagare shi na bar shi ya fara faɗa wa ɗan'uwansa da yarensu, sannan su juyo da shi tare. Wasu suka riƙa jefa wa jirgi abin da ba shi da amfani, kamar launin rigar sarki, mutanen gari su ce ba su gane komai ba. A hankali suka fara tsayawa su yi tunani kafin su buɗe baki, su zaɓi abin da in babu shi labari ya rushe. Ba wanda ya ƙara jin kamar yana cin amanar saƙo, tunda kowannensu ya taɓa ganin uwarsa tana bin taga.

Ranar da na sa Tani a taga, ban sa rai da komai ba. Ta bari har Bulus ya zo daidai da ita, ta faɗi magana uku, ta koma ta zauna. Mutanen gari suka kawo mini labarin cif. Na sake gwada ta washegari, haka. Hausarta ba ta da yawa, don haka ba ta da kalmar ɓarnatarwa, kuma kunnenta ba ya barin komai ya wuce. Duk lokacin nan da take kallon bango, ashe saurare take yi. Daga ranar na mai da ta bencin gaba, kuma a addu'ata nakan ambaci sunanta, ba don ita ba, don ni.

Saura mako biyu sufeto ya zo, Tani ta daina zuwa. Kwana ɗaya, biyu, huɗu. Hankalina ya tashi har Inna ta ce ko ba ni da lafiya. Na je kasuwa wurin masu itace na tambaya, suka ce an yi musu rasuwa, ƙaramin ƙaninta ne, cikinsa ya kumbura ya tafi. Na ce Allah ya ba su haƙuri. Kunya nake ji yanzu in faɗa, amma abin da na tambaya bayan wannan shi ne yaushe za ta dawo makaranta. Ta dawo a kwana na shida, ta zauna a wurinta, ni kuma na ci gaba da darasi.

A makon ne ruwa ya dawo, ya dawo kuma da fushi. Kwana uku ana tafkawa, hanya ta zama taɓo, kogi ya cika har yana jan itatuwa. Mutane suka fita da ɗan irin da ya rage. Amma ruwa ba tuwo ba ne, girbi yana can nesa, yunwa kuma tana nan daram.

Sufeto ya iso da hantsi a kan babur, wandonsa duk laka, ransa a ɓace. Dogon mutum ne mai hular kwano, ba ya kallon wanda yake wa magana. Ruwa yana dukan rufi har ba a jin juna, don haka ya sa yara suka matso gaba suka zauna a ƙasa. Ya ciro takarda guda da aka buga da tafireta, ya ɗaga murya ya karanta. Labarin wani manomi ne a shekarar yunwa, yana da mata da 'ya'ya uku. Ya zuba irin dawa a tukunya ya liƙe bakinta da laka. Yara suna kuka, matar tana roƙo, ya ƙi buɗewa. Maƙwabta suka cinye nasu irin. Da ruwa ya sauko shi kaɗai ya yi shuka, ya cika rumbu, ya zauna yana cin tuwo da matarsa da 'ya'yansa biyu, maƙwabta suna zuwa roƙo.

Ya naɗe takarda ya ce in ba shi wanda ya fi iyawa. Na ce Tani.

Ta miƙe a hankali. Ta ce, "Wani mutum yana da dawa a tukunya. 'Ya'yansa uku suna jin yunwa, bai buɗe ba. Da girbi ya zo, biyu ne suka ci."

Ba a jin komai sai ruwa a kan kwano.

Ni na ji ukun nan, na kuma ji biyun, amma sun wuce ta kunnena ban haɗa su ba sai da ta faɗa. Tana rufe baki na san daidai ne. Sufeto kuwa ya haɗe gira. Ya ce ina hikimar manomin, ina maƙwabta, ina darasin tanadi, wannan wane irin labari ne ta ƙirƙiro. Sannan a karo na farko ya juyo ya kalle ni ido cikin ido.

"Malama Rahila, haka kika koya musu?"

Ta taga ina hango ƙofar ɗakinmu, Inna ta jera tukwane a bakinta tana tarar ruwa. Ban yi wani dogon tunani ba, bakina ne ya riga ni.

"A'a, ranka ya daɗe. Tani, ba daidai ba ne. Zauna."

Ta kalle ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɓata fuska ba, kallo kawai, sannan ta zauna. Na ta da Emeka. Yaro mai wayo, ya riga ya ji abin da mai hula yake so. Ya ce manomi mai hankali ya adana iri, maƙwabta suka cinye nasu, shi ya sami girbi su suka yi roƙo. Sufeto ya gyaɗa kai. Ya ta da Habu da wata 'yar Yarbawa da kansa, suka faɗi kusan haka, gajere, babu hadda. Ya yi rubutu a littafinsa, ya ce bai taɓa ganin 'yan aji biyu sun yi haka ba, sai dai in rage sa yaran ƙauye a gaba. Na ce to, ranka ya daɗe.

Ya manta takardarsa a kan tebur. Da yara suka tashi na buɗe na bi da yatsa. Uku a sama, biyu a ƙasa. Na kai wa Malam Yohanna, ya sa tabarau ya duba, ya yi dariya ya ce mai tafireta ne ya yi kuskure, in bar zancen tunda an wuce lafiya. Watakila kuskuren ne. Amma abin da aka karanta wa yarinyar ke nan, kuma a ajin nan kaf, har da ni har da mai karantawar, ita kaɗai ce ta ƙirga yaran.

Bayan kwana goma takarda ta zo, an tabbatar da ni. Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta samo garin dawa ban san daga ina ba, ta tuƙa tuwo na gaske, ƙannena suka ci har suna nishi. Ni ma na ci. Ba zan ce ban ci ba, kuma ba zan ce bai yi daɗi ba.

Washegari da aka tashi tara na kira Tani gefe, ƙarƙashin rufi inda ruwa ba ya kaiwa. Na gaya mata na duba takardar, abin da ta faɗa daidai ne, ta fi kowa jin labarin. Na ɗauka za ta yi murna. Ta kalli ruwan da ke zuba daga kwano, sannan ta ce:

"Malama, ranar da mai hula yana nan ba daidai ba ne. Yau da ba ya nan daidai ne?"

Na ce ta je ta yi wasa.

Ba ta bar makaranta ba, ta ci gaba da zuwa har ƙarshen shekara, ba fashi. Sai dai daga ranar, duk lokacin da na ta da ta in ce ta taƙaita labari, sai ta miƙe ta rungume hannu, ta kafa wa bango ido, ta zubo mini shi tun daga kalmar farko har ta ƙarshe, ba ta rage ko ɗaya. Na lallashe ta, na sa ta a taga, Bulus ya wuce ya kai kusurwa tana nan tana karantowa. Da shekara ta juyo aka ce sun ƙaura wajen dangin uwarta, ban ƙara jin labarinta ba.

Ni kuma na zauna a ɗakin nan shekara goma sha ɗaya.